Inna Ta Ce Ni Na Kora Ƙazwar Ciki

Zuwa ga Kawu Abdulsalam,

Assalamu alaikum. Kawu, don girman Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka yi haƙuri da rubutuna. Ajin yaƙi da jahilci kaɗai na yi, shi ma damina ta raba mu da malamin tun ba mu ƙare littafi na biyu ba. In ka ga ina ta kewaye-kewaye, haka bakina yake, ko a gida sai an ce mini in faɗi ƙarshen maganar tukuna.

Ni mai facin keke ne a Ajingi. Rumfata tana gindin wata tsamiya a bakin hanyar da ta nufi Gaya, kuma ina ɗan taɓa noman gero da gyaɗa. A gidan akwai maiɗakina Lauratu, da yaranmu biyu, sai mahaifiyata wadda mutanen gari ke kira Gaji, ni kuwa Inna nake ce mata. Babban yaron ɗan fari ne, a gida ba na kama sunansa, amma tunda takarda ce zan rubuta: Ja'afar, shekararsa shida. Ƙanwarsa Hindatu tana da uku da 'yan watanni. A kan ita Hindatun ne nake neman shawara, sai dai ba za ka gane ba sai na fara da wanta.

Wajen ƙarshen daminar bana ƙazwa ta shigo unguwarmu. Ba gidan da ta tsallake. In yara suka zauna a ƙofar gida sai ka ce masu kaɗa garaya, kowa hannu na aiki. Ja'afar ya kwaso tasa a tsakanin yatsu da wuyan hannu da ɗuwawu. Ya yi ta susa har wurin ya fashe, ya zama gyambo, ya fara mugunya.

To, ita Inna tana da nata ilmin a kan ƙazwa, kuma ba ita kaɗai ba, duk tsofaffin wajenmu haka suka tashi da shi. Wai ƙazwa dattin ciki ne jiki ke turowa waje, don haka ba a tare ta. A bar ta ta fito duka, a riƙa yi wa yaro wanka da ruwan ganyen darbejiya, in ta gama fitowa za ta tafi da ƙafarta. Wanda ya shafa mata maganin da zai busar da ita da wuri, ya rufe mata ƙofa ke nan, sai ta juya ta koma ciki. Ni ban yi musu ba. Ba ni da saurin musu, Kawu, wanda ke neman hujin da allura ta yi a tiyub ba ya aikin da gaggawa. Na zuba ido wata ɗaya da rabi. Amma da na ga yaron ya kasa cin tuwo da hannunsa, sai uwarsa ta ba shi a baki kamar jariri, sai haƙurin ya ƙare.

Ran kasuwar Gaya na ce zan je sayen sholishon liƙa faci da bawul. Na ɗora yaron a gaban keke, muka tafi. Sholishon na saya, ban yi ƙarya ba, amma daga nan muka zarce ɗakin shan magani. Malamin asibitin ya ba ni wani farin ruwa a kwalba mai kama da madara, ya ce a shafe jikin yaron da shi kwana uku, ya kuma shafa wa gyambunan wani shuɗin magani. Wallahi kwana goma ba su cika ba sai ga hannu ya bushe tas. Na riƙa tafiya a tsakar gida kamar ni na haɗa maganin. Lauratu har ta sa mini suna Likita, in za ta miƙo mini ruwa sai ta ce ga ruwa, Likita. Inna kuwa ta ci gaba da saƙar faifanta kamar ba ta gani ba.

Bayan kamar mako uku, wata safiya yaron ya tashi idanunsa a kumbure, kumatu sun cika. Ka san abin dariya? Murna muka fara yi. Sabon gero ya shigo, sai maƙwabta ke cewa kakar bana ta karɓi yaron nan, dubi yadda ya yi ɓul-ɓul. Ni ne na fara lura cewa wannan ƙiba tana da yawo. Da safe tana fuska, da la'asar ta sauka ƙafafu. Ƙibar gaskiya ai ba ta sauya masauki. Na sa babban yatsa na danna ƙaurinsa yadda nake danna taya in ji iska, sai wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa. Da na bi shi bayan gida na ga fitsarin ɗan kaɗan ne, launinsa kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ga shi yana ta kukan ciwon kai.

Ran nan Inna ta buɗe baki. Ta ce, "To Likita, ga aikinka nan. Ka toshe mata hanya, ta koma ciki, ga ta nan tana neman wurin fita." A gaban Lauratu ta faɗa, a gaban maƙwabta biyu da suka shigo ɗaukar wuta. Na sunkuyar da kai, don a lokacin ni ma na yarda.

Ta dama masa kunun kanwa mai kauri wai ya wanke cikin, ta aika aka kira Maikuɗi wanzami ya yi masa ƙaho a ja muguwar ƙazwar waje. A nan dole in yaba wa Maikuɗi. Ya zo da zabirarsa, ya duba idon yaron, ya danna ƙafar, sai ya mai da askarsa. Ya ce wa Inna shi ya gaji wanzanci tun kakanni, amma wannan ruwa ne kwance a jiki, ba na ƙaho ba ne, a kai shi asibiti yau ba gobe ba. Da ni na faɗi haka da har yanzu muna gida. Da yake Maikuɗi ne, sai ta ce to.

A Gaya malamin asibitin ya sa yaron ya yi fitsari a wata 'yar kwalba siririya, ya riƙe ta a kan wuta. Ina kallo, sai fitsarin ya yi gajimare fari-fari kamar an fasa ƙwai a ruwan zafi. Ya ce ƙoda ce, ya rubuta mana takarda zuwa Kano. Muka hau babbar mota ta Wudil. Kwana goma sha biyu muka yi a asibiti. Allura, da ƙwayar da ke sa fitsari, da abinci ba gishiri ko ƙwaya ɗaya. Kullum sai an auna fitsarinsa a kwalba mai zane, an auna ruwan da ya sha, an ɗaura masa wani ƙyalle a damtse an yi ta bugawa da ɗan famfo. Wannan famfon kam na so in karɓa in duba yadda aka yi shi, kunya ta hana ni.

Likitan da Turanci yake magana, wata ma'aikaciyar jinya ke fassara mini. Abin da na kama shi ne, wai akwai dakaru a cikin jinin yaron, sun yi faɗa da cuta, faɗan ne ya shafi ƙodarsa. Na tambaye ta ko farin maganin da na shafa ne ya jawo. Ta ce a'a. Kafin in sake buɗe baki sun wuce gado na gaba, don marasa lafiya sun yi yawa, ban ga laifinsu ba. Amma Kawu, "a'a" guda ɗaya ba kayan da mutum zai ɗauko daga Kano ya kawo wa Inna ba ne.

Duk da haka na gwada. Da muka dawo na zauna na yi mata bayanin dakarun. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Dakaru? A wannan ɗan cikin? Wa ke dafa musu abinci?" Ta ƙara da cewa yaƙin basasa an gama shi shekara huɗu da suka wuce, in su ba su ji ba a aika a gaya musu. Lauratu ta shige ɗaki da gudu don kada a ga dariyarta. Ni ma sai da na dara, don ni kaina ban gane maganar ba, ina zan iya kare ta?

Alhamdu lillahi kumburin yaron ya sace, fuska ta dawo tasa, fitsarin yana ta washewa. Yanzu rigimarsa ɗaya, miyar lami. An ce kada ya ci gishiri sai mun koma, shi kuwa yana kallon kwanon kowa kamar maraya. Ina zargin Inna tana ɗan lasa masa tata miyar in na fita, kuma na san kunun kanwa bai bar gidan ba.

Yanzu ga inda nake so in zo. Hindatu ta kamu. Ta fara da yatsu, yanzu ta kai bayan gwiwa, kuma wurare biyu sun fara ruwa, ɗaya ya yi mugunya. Saura rabin kwalba na farin maganin. Inna ta ɗauke ta ta sa a cikin jerenta, can ƙarƙashin kwanoni, inda ko ɓera sai ya nemi izini. Ta ce ta ba da jika ɗaya an yi gwaji da shi, ba za ta ba da na biyu ba. Ta ce ranar da na shafa wa yarinyar nan wannan abu, ranar za ta ɗaure kayanta ta koma gidan ƙanenta a Kademi, kuma kada in biyo ta. Inna ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ita ta riƙe ni ita kaɗai tun ina shekara bakwai da mahaifina ya rasu, da dakau da saƙar faifai. Ban taɓa tsallake maganarta ba sai a kan wancan maganin, ga kuma yadda ta kaya.

Lauratu ba ta iya musu da surukarta, sai dai ta bi ni da ido. Ta ba ni shawara a ɓoye wai in sayo wata kwalbar, in riƙa ɗaukar yarinyar zuwa rumfa in shafa mata a can. Na ce mata maganin yana da wari, Inna kuwa tana jin ƙanshin ƙosai tun daga bayan masallaci.

Sai na yi abin da na iya, wato zama da kallo. Ka san rumfar mai faci, duk wanda tayarsa ta sace sai ya zauna, in ya zauna sai ya yi magana. Na riƙa tambayar mutane a hankali, ina aiki ina jin labari. Tsakanin Ajingi da Gafasa da rugagen da ke kewaye na samu yara bakwai da suka kumbura bana irin na Ja'afar, har da shi. A cikinsu biyu ne kacal aka shafa wa farin magani. Biyar ba su taɓa ganin kwalbar ba, darbejiya ce kawai. Ɗaya daga biyar ɗin, ɗan wata Baiwa mai ƙosai a Gafasa, ya kumbura, ya yi jijjiga, kafin a samu mota Allah ya yi masa cikawa. Shekararsa biyar.

Na kuma lura da wani abu. Duk bakwai ɗin sai da ƙazwarsu ta yi gyambo mai mugunya. Masu busasshiyar ƙazwa, ko sun shekara suna susa, ban ji wanda ya kumbura ba. Manya ma ban ji ba, ga ni nan da tawa a wuyan hannu, Lauratu ma haka. Sannan a wani gida yara uku sun yi gyambo a kan tabarma ɗaya, ɗaya ne ya kumbura, biyu suna nan suna tsalle.

Na kai wa Inna wannan lissafi ina jin na zo da hujja. Ta ce su biyar ɗin ma an shafa musu a ɓoye, ai kowane gida akwai Likita irina.

Amma Kawu, abin da ke hana ni sakewa shi ne akwai inda Inna ta yi gaskiya. Kumburin ba ya zuwa lokacin da ƙazwar ke kan ganiyarta. Sai ta bushe, an fara cewa alhamdu lillahi, sannan ya zo. Har a yaran da ba a shafa wa komai ba haka aka ba ni labari. To in cutar ta warke, wa ya taɓa ƙodar? In su dakarun nan na gida ne, me ya sa za su yi ɓarna a gidansu? In na shafa wa Hindatu ta kumbura, na rasa Inna, kuma ban san yadda zan yafe wa kaina ba. In na bar ta ta kumbura, ɗan Baiwa nake tunawa. Kullum da safe kafin in gaida kowa idon yarinyar nake fara dubawa.

Ka gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Ni na kora wa Ja'afar ƙazwar ciki? Hindatu kuma in shafa ko in bari? Kada ka buga sunana a jarida. Na san mai faci ɗaya ne a gindin tsamiyar nan, amma Inna ba ta karatun boko, masu yi kuma ina roƙonsu su rufa mini asiri.

Naka,
Mai Faci, Ajingi

*

Wa alaikumus salam, ɗana Mai Faci.

Zan fara da ƙarshen maganar. Ba kai ka kora wa Ja'afar ƙazwa ciki ba. Ƙazwa ba ta komawa ciki, domin tun farko ba daga ciki ta fito ba. Hindatu kuma a yi mata magani, cikin makon nan.

Na yi shekara ashirin ina aikin malamin asibiti kafin in zauna a kan wannan tebur, amma ban tsaya a kan sanina ba. Na kai wasiƙarka wurin wani abokina likitan yara, ya karanta ta sau biyu. Ya ce in gaya maka abin da ka tattara a gindin tsamiya shi ne abin da su ma suke gani a ɗakin yara. To bari in ƙarasa maka bayanin da ma'aikaciyar jinya ba ta samu lokacin yi ba.

Ƙazwa wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani sosai. Daga jikin wani yake hawa jikin wani, ya yi rami a fata ya zauna. Iyakarsa fata, ba shi da hanyar zuwa ƙoda. Amma yana sa ƙaiƙayi, yaro ya sa farce ya yage fatar, sai wasu ƙwayoyin cuta dabam su samu ƙofa su shiga. Su ne masu kawo mugunya. Ka ga dalilin da ya sa masu busasshiyar ƙazwa ba su kumbura ba.

Dakarun kuwa gaskiya ne, ko da yake ba su da kaki. Allah ya sa wa jinin kowane mutum masu tsaro, likitoci na kiran tsarin garkuwar jiki. In baƙuwar cuta ta shigo, jiki yakan ƙera mata makamai daidai da ita, su kama ta su riƙe. Ba don su ba da ƙaramin ƙurji ya isa ya kashe mutum. Sai dai a wasu yaran, in makaman suka cakumi guntayen waɗannan ƙwayoyi, sai su dunƙule tare, jini ya kwashe su. Ita kuwa ƙoda mataci ce. Ka tuna ƙyallen da Lauratu ke tace gasara da shi. Duk jinin jiki sai ya bi ta cikinta, ta tace datti da ruwan da ya yi yawa su fita a fitsari. In waɗancan dunƙulen suka maƙale a idon matacin, sai sauran masu tsaro su biyo su can, faɗan ya koma cikin ƙoda. Matacin ya kumbura ya toshe, ruwa da gishiri su kasa fita, su kwanta a fuska da ƙafa. Wani wurin kuma ya ɗan yage, jini ya zubo, fitsari ya yi launin da ka gani. Ba da gangan masu tsaron suka yi ɓarna ba. Aikinsu suka yi, wurin faɗan ne ya zama mai laushi.

Duk wannan yana ɗaukar lokaci, mako uku, wani lokaci har shida, daga sanda gyambon ya yi mugunya. Kafin nan gyambon ya bushe, ko da magani ko ba magani. Shi ya sa kumburin ke zuwa bayan warkewa. Abin da ya taɓa ƙodar Ja'afar ya kama hanya tun cikin wata ɗaya da rabin nan da hannunsa ke ruwa, tun ba ka ɗora shi a keke ba. Ban faɗi haka don ka juya laifin kan Inna ba, kuma kada in ji ka yi. Me ya sa yaro ɗaya ya kumbura 'yan'uwansa biyu suka tsira? Abokina ya ce ba kowane irin ƙwayar ke jawo haka ba, ba kuma kowane jiki ke amsawa iri ɗaya ba, sauran bayanin su ma suna kan nema.

Yanzu Inna. Kada ka raina ta. Abin da idonta ya gani daidai ne, ita da tsofaffin da suka riga ta: ƙazwa ta bushe, yaro ya kumbura. A wajen dalili ne kawai aka saɓa. Kuma ba taurin kai ke sa ta ɓoye kwalba ba, tsoro ne, irin naka. Ta ga jikanta a kumbure ta ɗauka za a rasa shi. Mai jin tsoro ba a cin nasararsa da lissafi.

Saboda haka shawarar Lauratu ta shafawa a ɓoye, a bar ta. Ba don hancin Inna kaɗai ba. Ga gaskiyar da ka ce in faɗa maka ko ba daɗi: Hindatu ta riga ta yi mugunya, don haka ko an yi mata magani gobe, ba wanda zai rantse maka cewa ba za ta kumbura ba. Maganin zai kashe ƙwaron, ya tsai da sababbin gyambuna, ya hana cutar bin sauran yara, ya rage haɗarin. Bai zama alkawari ba. In ka yi a ɓoye kuma abin ya zo, ka tabbatar wa Inna da maganarta har abada, kuma yaran gidanku na gaba su za su biya. Sai ka gaya mata wannan tun kafin a shafa, da bakinka, a fili.

Kuma kada ka je kai kaɗai. A cikin wasiƙarka mutum ɗaya na ga Inna ta ce wa to, shi ne Maikuɗi wanzami. Ka same shi, ka karanta masa wannan amsa, ka ba shi labarin yara bakwai ɗin, don ya fi ka sanin gidajensu. Ka roƙe shi ya zo ya zauna da ita. Kada a ce mata ta yi kuskure. A ce mata ƙazwar bana mai mugunya ce, ta zo da abin da darbejiya kaɗai ba ta iya masa. Wankan darbejiyar ma ta ci gaba da yi, ba ya cutarwa, tsafta ce.

In ta sauko, ku tafi Gaya tare da ita, ta ji daga bakin malamin asibiti. A fara duba gyambon Hindatu, mai yiwuwa a yi mata allurar fenisilin saboda mugunyar, malamin ne zai faɗi lokacin da za a fara shafa farin maganin. Rabin kwalba ba zai ishe ku ba, domin duk gidan za a shafa a rana ɗaya, daga wuya har tafin ƙafa, da kai da Lauratu da Ja'afar da ita Inna kanta. In aka bar mutum ɗaya, shi zai sake raba wa kowa. A wanke tufafi da mayafai da ruwan zafi, a baza tabarmi a rana, a yanke wa yara farce.

Daga nan har mako shida a riƙa duba idon yarinyar da safe da launin fitsarinta. Wannan aiki ka damƙa shi a hannun Inna, ka ce ba wanda ka yarda da idonsa kamar ita, kuma ba ƙarya ka yi ba. In an ga kumburi ko fitsari ya sauya, a tafi asibiti a ranar. In kuwa akwai ciwon kai mai tsanani, ko amai, ko numfashi sama-sama, ko jijjiga, ko fitsari ya ɗauke, kada a jira motar ran kasuwa, a nemi kowace irin mota.

Ja'afar kuma, a nan ba sassauci. Ba gishiri, ba kanwa, sai likita ya ce. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, ƙodar da ke farfaɗowa ba ta iya ɗaukarta. A sa masa albasa da tumatir da ɗan tsamin tsamiya a miyar, zai ci. Ku koma ranar da aka ba ku ko da kun ga ya warke sarai. Ka kwantar da hankalinka, mafi yawan yaran da suka yi wannan ciwo suna warkewa gaba ɗaya, su girma ba abin da ke damun ƙodarsu.

Saura tambayar da ba ka yi ba, amma na ji ta a ƙarƙashin wasiƙar. In Maikuɗi ya yi nasa, kai ka yi naka, Inna ta ce ita dai a'a fa? Ka ba ta kwana uku, kada ka wuce haka. A na huɗu ka durƙusa ka gaya mata za ka kai yarinyar, ka nemi gafararta, sannan ka kai ta. Hakkin uwa babba ne, amma Hindatu amana ce a wuyanka, kuma ba ta da bakin da za ta roƙa wa kanta. Ka tambayi duk malamin addinin da ka yarda da shi a garinku. In Inna ta ɗaure kaya ta tafi, ka bar ta ta huce kwana biyu, ka bi ta da goro da dattijo ɗaya, ka sha faɗan da za ta yi maka ba tare da ka ɗaga kai ba. In ta kore ka, ka koma. Fushin uwa a kan ɗan da ya kai jikarta asibiti yana da iyaka, kuma kai mai haƙuri ne, za ka iya jiransa. Gyambon Hindatu ne ba zai jira ba.

Allah ya ba Ja'afar cikakkiyar lafiya, ya tsare Hindatu, ya ji ƙan ɗan Baiwa ya ba uwarsa haƙuri. Ka gaishe mini da Inna da kyau, da girmamawa.

Kawu Abdulsalam